Ranar da Paparoma ya durƙusa a gaban fursunoni

A ranar 28 ga Maris, 2013, makonni biyu kacal bayan zaɓensa, Paparoma Francis ya bar fadar Vatican ya nufi gidan yarin matasa na Casal del Marmo da ke birnin Rum. A can ya durƙusa ya wanke ƙafafun fursunoni 12, ya share su, ya sumbace su. Biyu daga cikinsu mata ne, akwai kuma Musulmi.

Wannan al'ada ta Alhamis Mai Tsarki ta samo asali ne daga Injilar Yohanna, sura ta 13, inda Yesu ya ɗauko ruwa ya wanke wa almajiransa ƙafa. A wancan zamani aikin bara ne, domin hanya ƙura ce, takalmi kuma buɗaɗɗe. Shi ya sa Bitrus ya fara tubure wa. Ganin ubangidansa a ƙasa ya fi ƙarfinsa. A nan darasin ya fi tsauri, domin girman kai kan ɓuya har a cikin ƙin yarda a yi wa mutum hidima.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin da Francis ya yi ba. Ƙa'idar cocin a lokacin maza kaɗai ta ambata, masu ra'ayin riƙau kuma suka yi ta gunaguni. A watan Janairun 2016 aka sauya ta. Cikin Maris na shekarar ya je sansanin 'yan gudun hijira na Castelnuovo di Porto, kuma huɗu daga cikin waɗanda ya durƙusa wa ranar 'yan Najeriya ne.