Aikin Ofis Daga Gida: Wa Ya Huta, Wa Ya Ɗauki Nauyi?

A ƙarshen watan Maris na 2020, bayan da cutar korona ta shigo ƙasar nan, Gwamnatin Tarayya ta umurci ma'aikatanta da ke matakin albashi na 12 zuwa ƙasa su zauna a gidajensu, su riƙa yin aiki daga can. Mutane da yawa sun zaci abu ne na wucin gadi, da zarar annoba ta lafa kowa zai koma teburinsa. Ashe da sauran magana. A watan Disamba na 2021 Jihar Kaduna ta mai da ranakun zuwa ofis huɗu a mako, ta ce a yi aikin Juma'a daga gida. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayu na 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, Jihohin Kwara da Edo suka rage ranakun zuwa uku.

Amfanin wannan tsari ba ɓoyayye ba ne. Ma'aikacin da ke kwana a Mararaba ko Suleja, ya fita bayan sallar asuba don tsoron cunkoson hanyar Abuja, ya dawo bayan magariba a gajiye, shi ya san daɗin ranar da aka ce ya zauna gida. Kuɗin motarsa ya tsira, 'ya'yansa kuma sun ga fuskarsa da rana. Haka nan matashin da ya ƙware a aikin kwamfuta yana iya zama a Zariya gaban iyayensa, yana yi wa wani kamfani na Legas ko na Turai aiki.

To, amma wane irin aiki ne ake iya ɗauka a kai gida? Nan ne gizo ke saƙar. Aikin da ke cikin kwamfuta yana bin mai shi duk inda ya tafi. Amma a ma'aikatu da yawa aiki yana cikin fayil ne, fayil kuwa yana rajista, masinja ke ɗauke shi daga wannan tebur zuwa wancan don a sa hannu, kuma ba a fita da takardun gwamnati yadda aka ga dama. Akawun da aka ce ya yi aiki daga gida alhali fayilolinsa na kulle a ofis, gaskiyar magana hutu aka ba shi. Wanda ya biya kuɗin hutun nan shi ne dattijon da ya yi sammako daga ƙauye yana bin takardun fanshonsa, domin ya san zuwa da kai ya fi saƙo, ya iso aka ce masa mai sa hannun yau ba ranarsa ba ce.

Ko wanda aikinsa ke cikin kwamfutar ma bai tsira duka ba. Wutar lantarki da kuɗin intanet, waɗanda a da ofis ke ɗauka, sun koma wuyansa. In an ɗauke wuta, abin da ya adana na mota sai ya ƙare a cikin janareta. Ga kuma gidajenmu, inda ba a mai da baƙon da ya yi sallama don kawai maigida na rubutu. Mace ma'aikaciya kuwa, muddin an gan ta a gida, girki da raino ba su san tana bakin aiki ba.

Akwai wata asarar da ɗalibai masu shirin shiga aiki ya kamata su lura da ita. Ba a makaranta ake koyon rubuta sharhi a kan fayil ba, ko yadda ake amsa wasiƙar Babban Sakatare. Sabon ma'aikaci yana koyon su ne ta zama kusa da na gaba da shi, ya rubuta, a ja masa layi da jan biro, ya sāke, har hannunsa ya faɗa. Wanda aka ɗauka aiki ya fara daga ɗakinsa, sai dai ya buga waya ya yi tambaya, in ma ya san abin da zai tambaya ke nan.