Taimin Bel: Yaushe Ya Kamata a Sake Shi?

A cikin injin motoci da yawa akwai wani bel na roba mai haƙora wanda mai mota ba ya ganinsa, gama an rufe shi da murfi. Makanikai suna ce da shi taimin bel. Kada mu haɗa shi da fambel, wanda muke gani da zarar an ɗaga bonet. In fambel ya tsinke, direba yakan sami zarafin ratsewa gefen hanya. In taimin bel ne kuwa, inji yakan mutu nan take, sau da yawa kuma da ɓarna mai tsada.

Ga dalili. A ƙasan inji akwai karanshaf, wanda fistoci ke juyawa. A sama kuma akwai kamshaf, mai buɗe bawul da rufe shi. Bel ɗin nan ne ke haɗa su, domin in karanshaf ya juya sau 2, kamshaf ya juya sau 1, ba ƙari ba ragi. To, a injuna masu yawa, wurin da bawul ke sauka in ya buɗe, nan ne fistan ke kaiwa in ya hau, sai dai kowa da lokacinsa. Ran da bel ya tsinke, sai bawul ya tsaya a buɗe, fistan ya zo ya doke shi ya lanƙwasa. Daga nan sai an sauke kan inji.

Ba kowace mota ke da wannan bel ba. Peugeot 504 mai fetur, wadda aka soma haɗawa a Kaduna a 1975, sarƙa gare ta, shi ya sa iyayenmu ba su san wannan damuwa ba. Peugeot 406 kuwa bel ne. Toyota Camry mai inji lita 2.2, ta 1992 zuwa 2001, bel ne, amma fistocinta ba sa kaiwa ga bawul in ya tsinke. Mai silinda huɗu ta 2002 ta koma sarƙa. Honda Accord mai silinda huɗu tana da bel har 2002, ita kuwa injinta mai dukan bawul ne. Saboda haka mai mota ya fara sanin irin injinsa tukuna.

Yawancin kamfanoni suna cewa a sake bel tsakanin kilomita 100,000 da 160,000, ko bayan shekara 5 zuwa 7, duk wanda ya riga cika. Maganar shekaru ce mutane suka fi mantawa. Motar da ba ta fita sai kasuwa da ziyarar dangi, mai ita yana ganin bel ɗinsa sabo ne, alhali roba tana tsufa ko a ajiye take, balle ga zafin bazara irin namu. A lura kuma, motar da ta fito daga Amurka mil take ƙidayawa, mil 60,000 kuwa ya kusa kilomita 97,000.

Wahalar ta fi yawa ga wanda ya sayi 'yar Kwatano. Sau da yawa ba ta zuwa da takardun gyara, ana kuma iya mai da mita baya. A duba cikin bonet da jikin murfin bel, wani lokaci akwai 'yar takarda manne mai nuna ranar da aka sake shi. In babu, mu a ganinmu a ɗauka ba a taɓa sakewa ba.

Wani zai ce, ai sai makanike ya buɗe murfi ya duba. Dubawa tana da amfani, amma iyakarta ta nuna bel da ya riga ya lalace: tsatstsagewa a bayansa, zare na fita a gefe, haƙori ya ɓalle, ko baƙin mai ya jiƙa shi. Wanda aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada motar ta fita sai an sake. Amma ƙarfin bel yana cikin zaren da ke ciki ne, ido ba ya kaiwa can, kuma haƙori yakan tsage daga gindi inda ba a gani sosai. Makanikin da ya leƙa ya ce, “Maigida, da sauransa,” zato yake yi. Kunne ma ba abin dogara ba ne, domin bel yakan tsinke ba tare da ya yi kuka ba. Ƙarar da akan ji daga wajen, yawanci ta tenshina ce, watau 'yar tayar da ke ɗaure bel ɗin.

In lokaci ya wuce, injin kuma mai dukan bawul ne, ba mu ba kowa shawara ya ɗauki iyali ya kama doguwar hanya da shi ba. Ran da za a sake, a sake har da tenshina, da famfon ruwa in bel ɗin ne ke juya shi, gama kuɗin kwancewa ɗaya ne, tsohon famfo kuwa in ya cije sai ya tsinka sabon bel. A toshe duk inda mai ke yoyo. Bayan an ɗaura, makanike ya juya inji da hannu zagaye biyu ya ga alamun taimin sun daidaita kafin a tayar. Sa'an nan a rubuta kwanan wata da abin da mita ta nuna, a ajiye tare da takardun mota.

In kuwa inji ya mutu farat ɗaya ana cikin tafiya, aka murza makulli aka ji yana juyawa sakayau da sauri fiye da yadda aka saba, kada a sake murzawa, kada kuma a sa yara su tura don a tayar da giya. A nemi mai ja ya kai ta gareji.