Yadda ɓargo ke samun umarnin yin jini

Iyaye mata da masu faɗakarwa na unguwanni da ƙauyuka, kun sha ganin ma'aikacin lafiya ya buɗe tafin hannun yaro ya ce jininsa ya yi ƙasa. Ya kamata ku san inda jinin yake fitowa, da abin da ke sa ya ƙaru ko ya tsaya.

A cikin ɓargon ƙashi ake yin jini, zuciya aikinta turawa ne kawai. Jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke kai iska ga kowace gaɓa, kimanin kwana 120 suke yi a raye, don haka ɓargo ba ya hutawa. A jikin babban mutum yana fitar da sababbi kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa.

Sai dai ɓargo ba ya aiki da ka. Umarni yake jira, kuma manzannin da ke kawo masa shi wasu sinadarai ne masu yawo cikin jini. Idan ƙoda ta ji iskar da ke iso mata ta ragu, sai ta saki sinadarin da likitoci ke kira eritiropoyetin, ya je ya sa ɓargo ya ƙara himma. Akwai wani daga hanta mai kula da ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, akwai kuma masu kiran farare, sojojin jiki, idan cuta ta shigo.

To, amma magini ko an kira shi sau goma ba zai tada katanga ba in babu tubali. Tubalin jini shi ne sinadarin ƙarfe, da folat, da bitamin B12. Jariri yana zuwa duniya da guzurin ƙarfe daga mahaifiyarsa, wanda ke ƙarewa wajen wata 6, shi ya sa ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ku a awon ciki na mutum biyu ne. Bayan wata 6 a ci gaba da ba shi mama, amma kunun gero zalla ba ya isa. Fura ma, duk daɗinta, ƙarfen da ke cikin nonon shanu kaɗan ne. A haɗa masa da hanta, ko garin busasshen kifi, ko wake da zogale, a matsa lemun tsami. Shayi kuwa yana hana ƙarfe shiga jiki, a raba shi da lokacin cin abinci.

Ga abin da nake so masu faɗakarwa su riƙe da kyau. Idan yaro yana zazzaɓi, hanta tana sakin wani sinadari, hefsidin, mai kulle ƙofar ƙarfe: hanji ya rage tsotsa, wanda ke ajiye kuma ya ƙi fita. Jiki yana yin haka ne don ya hana ƙwayoyin cuta ƙarfe, domin su ma da shi suke hayayyafa. Zazzaɓin cizon sauro ya fi kowa ɓarna a nan, don yana fasa jajayen ƙwayoyi, yana kuma sa ɓargo ya yi nauyin ji ga kiran ƙoda. Wannan ne ya sa daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro kuma ya yi yawa, gadajen yara ke cika a babban asibitin Damagaram da na Magarya, wasu sai an yi musu ƙarin jini.

Saboda haka a fara da maganin zazzaɓin. Yaro mai tamowa da aka kwantar a CRENI ba a ba shi ƙarfe a kwanakin farko, sai ya farfaɗo ya soma cin abinci. Ku bayyana wa uwa cewa ba rowa ba ce, ba kuma mantuwa ba. Wanda ke kan Plumpy'Nut akwai ƙarfe a cikinsa, kada a sayo masa maganin ƙarin jini a wajen masu talla. Rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida gida kowane wata a damina, ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, a cika masa kwana ukunsa.

Idan tafin hannu da cikin fatar ido suka yi fari fat, yaro yana numfashi sama sama ko ya kasa kama mama, a kai shi CSI nan take, ko da dare ne. Ɓargo yana buƙatar kusan mako guda kafin sababbin ƙwayoyi su fito, yaron da ke cikin wannan hali kuwa ba zai iya jiran mako ba.