Injin zarto a gida: Haɗarin da ke biyo bayan "an kawo wuta" a Kwamba

Tun da aka mayar da mazaunin gwamnatin tarayya Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, Suleja ta zama makwancin dubban ma'aikatan da albashinsu ba ya iya ɗaukar kuɗin hayar birnin. Da asuba sukan bar unguwanni irin su Kwamba, su wuce Dutsen Zuma a Madalla, ba su dawo ba sai bayan magariba. Da yawa daga cikinsu gina gida suke yi a hankali, ɗaki bayan ɗaki, kuma tsadar aikin kafinta ta sa wasu sayen injin zarto mai aiki da lantarki. Ranar Asabar sai a ɗauko katako daga kasuwar Dei-Dei ko ta cikin gari, a kafa benci a tsakar gida, a yi kanta ko ƙyauren kicin. Wasu ma sana'ar da za su riƙe bayan ritaya suke koya.

Niyyar mai kyau ce. Sai dai injin da ke hannunsu ya fi ɗan Adam sauri nesa ba kusa ba. Zarton hannu mai faifan milimita 185 yana juyawa kusan sau 5,000 a minti guda. Idan faifan yana da haƙora 24, haƙora 2,000 ne ke ratsa wuri guda a kowace daƙiƙa. Mutum kuwa yana bukatar kimanin rubu'in daƙiƙa kafin ya janye hannu daga abin da ya ji, wato haƙora 500 sun riga sun wuce. A Amurka, hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta ƙiyasta cewa zarton tebur kaɗai yana kai mutum sama da 30,000 asibiti a shekara, kusan 4,000 daga cikinsu da yankewar yatsa ko hannu. Wannan ne ya sa Steve Gass ya ƙirƙiro na'urar SawStop a 1999, wadda ke tsayar da faifai cikin ƙasa da kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa da zarar ya taɓa fata. Tsadarta ta fi ƙarfin aljihun ƙaramin ma'aikaci, saboda haka kariyarsa tana ga tsarin aikinsa.

Wutar da ke zuwa ba sallama

Akwai wani haɗari da ke shafar mazauna yankin da kamfanin AEDC ke bai wa wuta, wato Abuja da Neja da Kogi da Nasarawa. Ana tsakiyar yanka sai a ɗauke wuta, faifai ya tsaya cikin katako. Mai aiki ya ajiye injin, ko ya sa hannu zai zare katakon, alhali makunnin yana a kunne, musamman a zarton tebur ko injin da ake danne maɓallinsa. Da an dawo da wuta, ko wani ya tayar da janareta ya juya layi daga bayan gida, faifan ya tashi da kansa. A gidan da yara ke rugowa da murnar dawowar wuta, abin da zai biyo baya ba ya bukatar bayani.

Dokar farko ke nan: da an ɗauke wuta, a kashe makunni, a zare filogi daga soket, sannan a taɓa katako. Haka nan kafin canza faifai ko share dusa. Mai zarton tebur ya nemi mai gyaran wuta ya saka masa makunnin da ba ya kunna kansa bayan yankewar wuta, tare da na'urar da ke katse layi idan lantarki ya zurare, mai ma'aunin miliamfiya 30. A damina, dandaɓe mai laima da waya mai faci sun isa su hallaka mutum da wutar bolt 230. Ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba kuma ba zai riƙe zarto mai wat 1,400 ba. Faifan zai rage gudu, ya cije.

Cizon faifai da arahar da ba ta ado

Cijewar faifai ita ce uwar raunuka da yawa. Idan katako ya matse faifan, injin yakan yi tsalle baya zuwa cinya ko ciki, ko ya wurgo katakon da ƙarfi. Maganinta shi ne a ɗaure katako da kyau a kan benci, a bar ɓangaren da za a yanke ya faɗi ba tare da tokari ba, a riƙe injin da hannu biyu, a tsaya a gefen layin yanka. Faifan kada ya leƙo ƙasan katako fiye da tsawon haƙori guda. A duba ƙusa a tsohon katakon rufi, a kuma sauya faifan da ya dakushe. A zarton tebur, da sanda ake tura ƙarshen katako.

Dabaru biyu da suka zama ruwan dare sun fi kowanne muni. Na farko, ɗaure murfin kariya da waya ko cire shi don a ga layi. Na biyu, ɗaura faifan katako a kan injin yankan ƙarfe na masu walda, wanda ke juyawa kusan sau 11,000 a minti kuma ba shi da gindin da zai zauna a kan katako. Idan ya cije, babu hannun da zai riƙe shi.

Sutura ma abin lura ce. Hannun kaftani, jallabiya, carbi a wuya da safar hannu duk faifai na iya fizgarsu. Tabarau na kariya, abin toshe kunne da takunkumi su ne kayan aiki, domin ƙarar zarto takan haura desibel 100, kuma tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar.

Dokar diyya ba ta shiga tsakar gida

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, ta shafi raunin da aka samu a bakin aiki ko a hanyarsa. Wanda ya ji rauni yana yi wa iyalinsa kanta ranar hutu ba ya cikin wannan tanadi. Ga ma'aikacin da ke cin abinci da buga kwamfuta ko tuƙin maigidansa, wanda kuma tambarin yatsansa ke cikin rajistar albashi ta IPPIS da BVN da katin ɗan ƙasa, rasa babban yatsa asara ce da za ta bi shi har ofis.

Idan tsautsayi ya auku, a danne raunin da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama, kada a zuba toka ko man inji. Yatsan da ya cire a naɗe shi da ƙyalle mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar cikin ruwan ƙanƙara ba tare da ƙanƙarar ta taɓa naman ba. A garzaya Babban Asibitin Suleja, daga nan likitoci za su iya turawa Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ko Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Idan kuma aiki ya ƙare lafiya, a zare filogi, a naɗe waya, a kulle injin inda hannun yaro ba ya kaiwa.