Gyaran Makarantu A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa: Iyaye Mata, Har Da Ku A Ke Yi

Yau maganarmu a kan ginin makaranta ne da gyaranta. Na san waɗansu za su ce mece ce haɗin mace da bulo da siminti, ai wannan aikin magina ne da 'yan kwangila. To, ku tsaya ku ji. Idan iska ta kware kwanon aji, yaro yakan koma gindin itace ya ci gaba da karatu. Yarinya kuwa, da zarar ta fara girma, in babu makewayi babu katanga, gida a kan ce ta zauna. Ashe kuwa magana ta shafe mu.

Bari mu ɗan waiwayi baya. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta, watau UPE. Yara suka yi ta kwarara makaranta fiye da yadda aka yi tsammani, aka yi ta gina azuzuwa cikin gaggawa. A lokacin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin Jihar Kaduna, don sai a 1987 aka kafa Jihar Katsina. A 1999 aka sake ɗaura ɗamara da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004. Dokar ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilmin shekara tara na farko. Amma akwai sharaɗi: jiha ba za ta karɓi kuɗin gini daga hukumar UBEC ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, sa'an nan hukumar ilmi ta jiha, watau SUBEB, ta ba da kwangila. Saboda haka ajin da aka gina a garinku dukiyar jama'a ce, kuna da ikon tambayar yadda aka yi da ita.

A wannan yanki namu kuwa, abin ya wuce tsufan gini kawai. Babu uwar da ta manta daren 11 ga Disamba, 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora yara daji. Sai ranar 17 ga watan aka sako 344. Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da umarni a rufe makarantun kwana. A ƙauyuka da dama jama'a suka watse, makarantu suka zauna babu kowa, waɗansu kuma suka zama masaukin waɗanda suka baro gidajensu. Kowace mace ta san abin da kan sami ɗakin da aka rufe aka bari: gara ta cinye katako, daɓe ya fashe, awaki su mai da shi turke. Garuruwan da mutane suka gudo cikinsu kuma, azuzuwa suka cika maƙil, alhali tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35 a firamare.

An yi yunƙurin gyara. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin AGILE na karatun 'yan mata a jihohi bakwai, har da Katsina. Abin lura a cikinsa shi ne, kuɗin ƙananan gyare-gyare kwamitin kula da makaranta, wanda a ke kira SBMC, aka danƙa wa. A tsarin wannan kwamiti kuwa akwai kujerun mata. Tambayar ita ce, ko kun san wadda ke zaune a madadinku? Ko kuwa sunanta kawai aka rubuta a takarda?

In kuɗi suka zo, mene ne na fari? Sau da yawa fenti a kan fara shafawa, domin shi ne mai wucewa a mota ke gani. Mu kuwa mu ce a fara da makewayi, na 'yan mata daban, nesa da na maza, mai ƙofa da sakata. Sai ruwa, ko rijiya mai murfi ko burtsatse, don kada yarinya ta fita neman ruwa ta ƙi dawowa. Sai rufi. Sai katanga da ƙofa da maigadi. Gaskiya ne katanga ba ta tare mai bindiga, wannan aikin hukuma ne da jami'an tsaro. Amma tana hana dabbobi da 'yan zaman banza, tana kuma hana masu cin filin makaranta da gona ko shago.

Ba sai kin yi karatun injiniya za ki gane aikin ha'inci ba, uwargida. Ki murza gefen bulo da yatsa. In ya zube kamar gari, yashi ya rinjayi siminti. Ki duba ko ana ba sabon bulo da sabon daɓe ruwa safe da yamma na 'yan kwanaki, don in ba a ba su ba, tsagewa za su yi. Ki tambaya ko an shafa wa katakon rufi maganin gara, an kuma ɗaure shi da ƙarfe a jikin bango, domin guguwar farkon damina ba ta wasa da rufin da ƙusa kaɗai ta riƙe. Ki lura ko tagogi suna fuskantar juna don iska ta ratsa lokacin bazara. Tun ran gini tun ran zane, in ji masu iya magana. In ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa ya tafi, sai dai a bi shi da kallo.

In kun ga abin da bai gamshe ku ba, kada ku tsaya ƙorafi a bakin rijiya ko gidan suna. Ku haɗu ku biyar ko goma, ku sami hedimasta da shugaban kwamiti. In ba a ji ba, a gaya wa maigari, a kuma rubuta takarda zuwa ga sakataren ilmi na ƙaramar hukuma. Wadda ba ta fita, ta aika maigida ko ɗanta, ta kuma tambaye shi abin da aka ce in ya komo.

Bayan an gama gini kuma, saura riƙo. Ƙungiyar iyaye mata tana iya raba kwanakin duba makewayi, ta sa a dasa darbejiya gefen da iska ke bugowa, ta kuma yi ɗan adashi don ƙusa da sakata. Kwano ɗaya da ya ɗaga, in aka buga shi a rani, ya tsare aji guda a damina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma fa sai kowa ya miƙo nasa.

Kafin ruwan bana ya sauka, kowace uwa ta je ta ga ajin da 'yarta ke zama da idonta. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.