Zaɓen Manhajojin Ƙari Don Gidan Yanar Gizo: Misali Daga Limancin Kona

Unguwar Limancin Kona da ke cikin birnin Zariya ta daɗe da yin suna wajen karatun zaure, kuma har yau akwai gidajen da ke adana littattafan da aka rubuta da hannu, na Larabci da na ajami. A ɗauka cewa wata makaranta a unguwar ta yi niyyar buɗe gidan yanar gizo domin ta sa hotunan waɗannan littattafai tare da bayaninsu da Hausar boko, yadda ɗalibin da ke Samaru ko Maraɗi zai iya duba su ta wayarsa. Malamin da aka ɗora wa wannan aiki zai fi yiwuwa ya yi amfani da WordPress, manhajar da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, wadda a yau take ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na gidajen yanar duniya. Da zarar ya kafa ta, sai ya iske wata kasuwa a gabansa, ta 'yan manhajojin ƙari kusan 60,000, duk kyauta. To, wanne zai ɗauka, wanne zai bari?

Fulogin, kamar yadda masana kwamfuta ke kiran irin wannan manhaja, ɗan tsari ne da ake jona wa babbar manhaja don ta yi wani aikin da ba a gina ta da shi ba. WordPress ta buɗe wannan hanya tun 2004. Abin da ya kamata mai karatu ya fahimta shi ne yadda shafi ke zuwa wayarsa. Ba a ajiye shafin a shirye yake ba. Duk lokacin da wani ya nema, sai saba, wato babbar kwamfutar da gidan ke kanta, ta ɗebo rubutu daga rumbun bayanai, ta bi ta kan fulogin ɗin da aka kunna ɗaya bayan ɗaya, sannan ta harhaɗa shafin ta aika. Wasunsu kuma sukan ƙara wa shafin nasu kayan, waɗanda dole wayar mai karatu ta sauke. Ashe ke nan kalmar "kyauta" tana da ruɗi, domin mai karatu ne ke biya da datarsa da lokacinsa.

Saboda haka sai a fara da buƙatar wanda zai karanta. Mafi yawansu da waya za su shigo, sau da yawa a inda sabis ba shi da ƙarfi. Hoton warƙa ɗaya da aka ɗauka da waya yana iya kai megabait 4. Idan aka jera warƙa 20 a shafi guda, megabait 80 ke nan, kuma da wuya ɗalibi ya jira wannan. Fulogin mai matse hotuna zai iya mayar da kowane hoto kilobait 200, jimla ta koma megabait 4 kacal. Sai dai a nan akwai abin lura da ya shafi rubutun hannu musamman. Matsi mai yawa yana cinye ƙananan alamomi, kuma a ajami ɗigo ɗaya ko wasali ɗaya yana sauya kalma baki ɗaya. Jan tawadar da malamai kan sa wa wasulla ita ce ke fara dusashewa. Dabarar ita ce a nuna ƙaramin hoto a shafi, a bar cikakken hoton ga wanda ya latsa yana son ya yi nazari.

Na biyu shi ne mai ajiyar wucin gadi, irin su WP Super Cache. Aikinsa ya adana shafin da aka riga aka harhaɗa, ya riƙa miƙa shi ga duk wanda ya zo, ba sai saba ta sake aikin daga farko ba. Guda ɗaya ya isa. Idan aka sa biyu, sukan yi karo da juna.

Batun tsaro ya fi kowanne nauyi, kuma ganuwar Zariya za ta taimaka mana wajen gane shi. Magabata ba su huda ganuwa ko'ina ba. Ƙofofi ƙidayayyu suka yi, kamar Ƙofar Kona da Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, don kowace ƙofa tana buƙatar mai tsaro. Kowane fulogin ƙofa ce da aka huda a jikin gidan yana. Rahotannin shekara-shekara na kamfanin tsaro na Patchstack sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na ɓarakar da ake ganowa a duniyar WordPress daga fulogin take, ba daga uwar manhajar ba. A 2020 an gano ɓaraka a wani mai suna File Manager, wanda ke kan gidajen yana fiye da 700,000, kuma masu kutse sun yi ta afka wa waɗanda ba su sabunta shi da wuri ba. Don haka kafin a jona kowanne, a duba ranar da aka sabunta shi ta ƙarshe, da yawan masu amfani da shi, da ko maginansa suna amsa ƙorafi. Wanda ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, marubucin nan yana ganin a bar shi kawai, ko da kuwa aikinsa ya burge. Su kuwa na kuɗi da ake rabawa kyauta a ɓoye, sau da yawa an cusa musu mugun tsari, kuma wanda ya ɗauka ya buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunsa.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, uwar manhajar kanta tana girma. Tun fitowar WordPress 5.5 a 2020 take iya sabunta fulogin da kanta, tana jinkirta sauke hoto har sai mai karatu ya iso kansa, tana kuma shirya taswirar gida don injunan bincike irin Google. A 2021 ta fara karɓar hotuna samfurin WebP marasa nauyi. Tsofaffin jagorori da yawa har yanzu suna cewa a nemo fulogin don waɗannan ayyuka, alhali yanzu kaya ne kawai a kan kaya.

Haka nan haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sa buƙatar fulogin, domin tsarin Unicode ya tanade su. Idan suka fito kamar akwatuna, laifin samfurin haruffan da aka zaɓa ne, sai a sauya shi. Ga ajami kuma akwai samfurin Alkalami, wanda ƙungiyar SIL ta tsara bisa salon rubutun Kano, kuma kyauta ne. Abin da ya kamata a gwada shi ne akwatin bincike: a rubuta "kasa" a ga ko zai kawo "ƙasa", tun da ɗalibai da yawa ba su da haruffan a wayoyinsu. In bai kawo ba, a nan ne fulogin na bincike zai yi amfani. Idan kuma za a sa fom da ke karɓar sunaye da lambobin ɗalibai, a tuna cewa Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin kiyaye su a kan wanda ya tattara.

Saura mai yin kwafin ajiya, irin su UpdraftPlus, wanda ke kwashe rubutu da hotuna ya kai su wani wuri dabam da saba. Ga makarantar da ta ɓata watanni tana ɗaukar hoton warƙoƙi, wannan ne ya kamata ta fara jonawa. A sa shi ya riƙa aiki kowane mako, a ajiye wani kwafin a faifai a ofishin shugaban makaranta, kuma sau ɗaya a kowane zangon karatu a gwada mayar da gidan daga kwafin a gaban malami na biyu, don kada sanin hanyar ya tsaya ga mutum ɗaya.