Abin da ya sa gajimare kan tafkin Erie ke tayar da hankalin mutanen Buffalo

Idan sama ta yi duhu a kan tafkin Erie cikin watan Disamba, mazauna birnin Buffalo na jihar New York a Amurka sun san abin da ke tafe. Iska mai tsananin sanyi daga Kanada ce ke ratsa saman ruwan da bai riga ya daskare ba, ta kwashi danshi, sannan ta juye shi a kan tudu a matsayin dusar ƙanƙara. Zubar kan bi siririn layi: wata unguwa ta nutse, maƙwabciyarta na ganin rana. Da zarar tafkin ya daskare, lamarin kan lafa.

Sai dai hasashe shi kaɗai ba ya ceton rai. A Disambar 2022 masana yanayi sun yi gargaɗi kwanaki kafin guguwar, amma hukumomi ba su hana tuƙi ba sai safiyar Juma'a, 23 ga wata, bayan ma'aikata da yawa sun riga sun fita. Fiye da mutum 40 suka rasu a yankin, wasu cikin motocinsu, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke. Adadin baƙaƙen fata cikin mamatan ya zarce kasonsu a yawan jama'ar yankin nesa ba kusa ba.